Sanyi Ga Jar Mota

Watan Afrilu, Yamai ta zama tanda.
Kafin azahar guduron Wadata na kama takalmi,
ni ko ina cikin jar Mustan ɗin Baba,
riga ta manne da baya kamar fata a bakin ganga.

Ta girme ni da shekara biyu.
Silinda takwas, murya irin ta hadarin gabas,
tana shan esansi kamar ba da kuɗi ake saye ba.
Shekara tara Baba na tuƙa wani Ba'amurke,
ran da zai koma gida ya miƙa masa makulli,
ya ce ladan haƙuri.
Wanda ya ƙera ta dai bai taɓa jin labarin bazara ba.

Cima ta rantse ta bar shiga:
"In gashi nake so, ai na san wurin masu balangu."

Sai na kai ta garejin Tankari a Bukoki.
Ya shimfiɗa kwali a inuwar dogon yaro,
ya jera mini kilim kamar mai tallan magani.

Ga ɗan Dubai, sabo fil a leda,
jikka ɗari da hamsin,
takardarsa da rubutun da ba mai iya karantawa.
"Zai kai ka bazara biyu.
Ta uku sai addu'a."

Ga wani da aka ciro daga cikin wata Toyota
da ta ƙare kwananta wajen ƴan gwangwan.
Kwamfaresa lafiya lau,
sai dai a ƙera masa ƙafa, a sake bel,
a rataye akwatin iskar a ƙarƙashin tablo
kamar jakar mai karɓar haraji.

Na ukun a waya ya nuna mini.
Daga ƙasarta ne, don ita aka yi shi,
wata uku a ruwa, sannan Lome, sannan duwan,
fanshona na wata takwas.
Iska za ta fito ta fuska, tsaf, ba waya a waje.
"Amma sai na yanka nan," in ji shi,
ya aza ƙusa a kan tablo, zai ja layi.

Na riƙe masa hannu.

Daidai nan fenti ya ci,
fari, faɗin dala ɗaya.
Nan ɗan yatsan Baba ke bugawa
in raƙuma sun tare tsohuwar gada
yana jiran su ƙetare da tabarminsu.
Shekara talatin da wani abu
bai zagi kowa ba, bugawa kawai yake.

Tankari ya cire ƙusa, bai tambaye ni kome ba.
Ya ce, "To, na Toyota ke nan.
Amma ka ƙara kuɗin radiyeta babba,
kar ka sanyaya wuyanka ka dafa injin."
Muka yi ciniki har aka kira la'asar,
ya rage jikka biyar, ya sha mini shayi biyu.

Kwana tara tana wurinsa.

Ran Juma'a da yamma muka bi bakin Isa,
gilashi a rufe, karon farko a rayuwarta.
Sanyin ya zo da ƙanshin motar wasu,
turaren wata mata da ban sani ba.
Akwatin na bugun gwiwar Cima a kowane rami,
ba ta ce uffan ba, har da gyara kallabi.

Ni ne dai na rasa wani abu.
Ba kiran mai kankana, ba hon ɗin kabu-kabu,
masunta na ta magana a kwalekwale, baki kawai ke motsi.
Garin da na sani da kunne
ya koma hoto a bango.

Na sassauta gilashi, faɗin yatsa biyu.
"Rufe," in ji Cima, "kuɗinmu ke fita."